LAVAL YA MUTU, AMMA TAKARDARSA NA NAN TANA YAWO

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, na Sassumbrum da Magarya da Dungas da sauran garuruwan kasuwa: A karanta wannan takarda a zauren taro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Kwanan baya samarin garinmu suka shirya wasan kwaikwayo a kan yaron da ubansa ya cire shi daga lakwal ya tura shi ci-rani. Kayan aikinsu duka salula biyu ne da wata 'yar na'urar ɗaukar murya ta aro. Suka bari sai ranar da babu karatu, suka zo filin makaranta don su ɗauki wasan a gindin bishiya. Ba su kai ga farawa ba sai ga wani ma'aikaci, ya ce, "Ina takardarku?" Suka ce, "Wace takarda?" Ya ce, "Ta izini. Nan wurin gwamnati ne." Suka ce wa ke ba da ita? Ya ce su tafi gaba. Suka tafi gaba, na gaba ya ce ba huruminsa ba ne, su ƙara gaba. Ba wanda ya nuna musu dokar a rubuce, ba wanda ya faɗa musu kuɗinta. Ana cikin haka ruwa ya sauka, kowa ya kama gona, wasa ya mutu.

Ba mu zagin ma'aikacin nan. Tsoro yake ji kada gobe a ce shi ya bari. To amma tsoron nan yana da uba, kuma mun san sunan uban.

A watan Maris 1934 wani Bafaranshe, Pierre Laval, yana ministan ƙasashen da Faransa ta mallaka, ya sa hannu a wata doka. Dokar ta ce ba mai ɗaukar silima a ƙasashenmu sai ya rubuta wa gwamnan ƙasar, ya nuna masa labarin da zai ɗauka da sunayen mutanen da za su yi aikin. Gwamna ya ga dama ya ba shi, bai ga dama ba ya hana. Me suke tsoro? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Suna tsoron a ga aikin tilas, a ga yadda ake karɓar lanho da bulala.

Ku ji abin da dokar nan ta aikata. A 1949 aka aiko wani saurayi Bafaranshe, René Vautier, don ya ɗauko hoton alherin da wai Faransa ke yi mana. Da ya zo ya ga zahiri, sai ya ɗauki zahiri. Aka ƙwace mafi yawan abin da ya ɗauka. Da ɗan abin da ya tsira ya haɗa silimar da ake kira Afrique 50. Ladansa ɗaurin shekara guda, silimar kuwa aka hana nuna ta fiye da shekara 40. Wannan ɗansu ke nan, ina ga baƙar fata? A 1955 Paulin Vieyra da abokansa, 'yan Afirka masu karatun silima, suka nemi izinin ɗauka a Afirka, aka hana su. Dole suka ɗauki tasu a birnin Paris, a bakin kogin Seine. Ɗan ƙasa ya ɗauki hoton titin Nasara ba laifi, ya ɗauki na ƙofar gidan ubansa laifi ne!

Shi Laval, 'yan ƙasarsa da kansu suka harbe shi a 1945 saboda ya haɗa kai da Jamus lokacin yaƙin Hitila. Mutumin ya mutu, dokarsa ta ci gaba da aiki a kanmu har 1960.

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai. Da aka kwance mana hannu, me ya faru? A 1962 Mustafa Alasan ya fito da Aouré. A 1972 Umaru Ganda ya ci babbar lambar bikin silima na Wagadugu, shi ne mutum na farko da aka taɓa ba wa ita. Ashe dai gwaninta na nan, ƙofa ce aka rufe.

Amma kada ku ce da tafiyar kumandan halin ya tafi. Kun san labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, shekarar da Nasara suka ci Damagaram. Abdullahi Mamani, namu ne na ƙasar Damagaram, ya rubuta littafinta a 1980. Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya tashi zai mai da littafin silima, aka shirya za a ɗauka a nan Nijar. Ana gab da farawa, hukumar wancan zamani ta janye hannunta. Sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Silimar ta fito a 1986, a 1987 ta ci babbar lambar Wagadugu. Sarauniya tamu, marubuci namu, tarihi namu, amma ƙasar da duniya ta gani a majigi ta wasu ce, kuɗin aikin ma a kasuwar wasu aka kashe shi. Wa ya yi hasara? Wannan karon ba Nasara ya yi mana ba, mu muka yi wa kanmu.

Yanzu mu koma kan maganar ma'aikacin nan, wai "wurin gwamnati ne". Muna tambaya: wa ya buga tubalin? Wa ya sari kara ya yi zana ya kafa rumfar aji? Harajin wa ake karɓa a ƙofar kasuwa? Lakwal da kasuwa da tasha da asibiti dukiyar jama'a ce, gwamnati mai tsaro ce. Mai tsaron gona ba ya hana mai gona kallon hatsinsa.

Kuma kada wani ya ɗauka maganar 'yan wasa ce kaɗai. Shekara da shekaru 'ya'yan talakawa na karatu a rumfunan zana, kowa ya sani, ba wanda ya motsa. A watan Afrilu 2021 wuta ta cinye yara 20 a wata makaranta a Yamai. A watan Nuwamba na shekarar nan ta cinye aƙalla 25 a Maradi. Sai da hoton toka ya zaga duniya sannan aka hana zaunar da 'yan ajin share fage a cikin rumfa. Gani ya kori ji. Mu dai mun fi son a ɗauki hoton rumfa tana tsaye da a ɗauki hotonta bayan ta ƙone.

Wani zai ce, to a bar kowa ya ɗauki abin da ya ga dama? A'a. Mu ba 'yan hargitsi ba ne. Muna bakin iyaka, mun san halin da ƙasa ke ciki. Barikin soja da wurin jandarma ba wurin wasa ba ne. Majinyaci a kan gadonsa yana da mutunci. Fuskar yaro ba a ɗaukarta sai da yardar iyayensa, kuma ba a tsai da karatu don wasa. Duk wannan mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne dokar da ke cikin bakin mutum, yau ta ce i, gobe ta ce a'a, gwargwadon fuskar mai tambaya.

A 2008 aka kafa cibiyar silima ta ƙasa, CNCN, aka ajiye ta a Yamai. Madalla. Baƙon da ya zo daga Turai da manyan na'urori da kuɗi, ya bi ta can, ya biya. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, mu kuma muna bayan Damagaram. Yaron da jarinsa salula ce, da me zai je? Shi ya sa masu basira cikin samarinmu ke tsallaka iyaka su tafi Kano, mu kuma mu zauna muna kallon garuruwan wasu a wayoyinmu.

Saboda haka ga abin da muke nema:

1. A rubuta ƙa'idar ɗaukar hoto a wuraren gwamnati da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta a rediyo.

2. A lissafa wuraren da aka hana, ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ba ya cikin lissafi, a buɗe yake.

3. Ɗan ƙasa mai ƙaramin aiki ya sami takardarsa a garinsu, cikin mako guda. In da kuɗi, a faɗi adadinsa, a ba da rasit.

4. Wanda ya hana, ya rubuta dalilinsa ya sa hannu, don a san inda za a kai ƙara.

5. Mai ba da takarda ya tambayi rana da wuri da yawan mutane. Kada ya ce sai ya karanta labari. Karanta labari kafin izini, aikin Laval ke nan.

'Yan'uwa, kowane reshe ya tattauna waɗannan biyar a taronsa na gaba. A zaɓi mutum uku, da dattijo da mace da saurayi, su kai su ma'aikatar magajin gari a rubuce, cikin ladabi, su nemi amsa a rubuce. Ranar kasuwa a gaya wa na ƙauye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma in ba mu nuna garinmu da kanmu ba, wani zai nuna shi yadda ya so.

Allah ya ba mu sa'a. In ka karanta, miƙa wa na kusa da kai.