Kada A Ƙara Tura Ɗan Kwana-Kwana Cikin Duhu

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Magana ce ta hikima, amma an yi ta ne a zamanin da wuta iri ɗaya ce, watau wutar kara da ciyawa da itace. Yau zamani ya kawo mana wutar da ruwa ba ya kashewa, har ma da wadda ruwa ke ƙara wa ƙarfi. Abin takaici kuwa shi ne, mutanen da muka ɗora wa nauyin shiga gabanmu ran da irin wannan wuta ta tashi, su ne na ƙarshe da ake gaya wa abin da ke cikinta, in ma an gaya masu.

Bari mu ɗauki Malkohi, ƙauyen nan da ke bayan garin Yola, cikin ƙaramar hukumar Yola ta Kudu. Duniya ta san sunansa ne saboda sansanin 'yan gudun hijira, inda aka sauke mata da yaran da aka ceto daga dajin Sambisa cikin watan Mayu na 2015. Ran 11 ga Satumba na wannan shekarar bam ya tashi cikin sansanin, mutum 7 suka rasu, cikin waɗanda suka ji rauni har da ma'aikatan agaji. Saboda haka ba sai an koya wa mutanen Malkohi cewa mai ceto ma jiki da jini ne ba. Amma wancan bam abokin gaba ne ya ɓoye shi. Haɗarin da muke magana a kansa yau ba abokin gaba ne ke ɓoye shi ba, sakaci ne na hukuma, kuma da takardar izini a hannu yake yawo.

Mai karatu ya tsaya bakin hanyar Numan, ko gindin gadar Jimeta wadda ta haye Binuwai zuwa Girei da Song da Mubi, ko hanyar Ngurore mai zuwa Mayo Belwa, ya ƙirga abin da ke wucewa cikin yini guda. Tankokin fetur da na kananzir, motocin iskar gas ta girki, tireloli maƙare da takin zamani, jarkokin maganin feshi na ciyawa da na ƙwari, buhunan sinadarai na masana'antu. Wasu su wuce, wasu a sauke su cikin rumbunan da ke manne da gidajen mutane. Duk halal ne, kuma ƙasa ba ta tafiya sai da su. Tambayarmu ɗaya ce: wa ya san abin da ke ina?

A ce yau da tsakar dare wata mota ta kife kusa da Malkohi, wani abu mai wari yana tsiyaya. Wa zai fara isa wurin? Ba darakta ba ne daga Abuja. Samarin gari ne da bokitai, da 'yan banga, da mai unguwa, da ɗan sanda ɗaya ko biyu, sa'an nan daga baya motar kwana-kwana ta iso daga cikin gari. Direba ya suma, ko ya tsere. To, a watsa ruwa ko kada a watsa? A kori mutane taku nawa? Gabas za a yi da su ko yamma? In aka kai wanda ya shaƙa asibiti, me za a ce wa malamar jinya ya shaƙa? Amsar waɗannan tambayoyi cikin minti goma na farko ita ke raba gawa biyu da gawa ɗari.

Amsoshin kuwa ba asiri ba ne, an daɗe da rubuta su. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya kwanta cikin kwata da kwari, ƙyallin wuta ɗaya daga nesa ya ishe shi. Fetur yana tasowa bisa ruwa, don haka mai watsa masa ruwa da ƙarfi yaɗa wutar yake yi, kumfa ake buƙata. Kabaid ɗin nan da masu walda ke amfani da shi, in ya sha ruwa iskar da ke kama wuta yake fitarwa. Iskar kulorin da ake tsabtace ruwan famfo da ita, in tukunyarta ta fashe, ba a gudu inda iska ta nufa, kuma ba a fakewa cikin rami. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba kowane kaya mai haɗari lamba huɗu da ake liƙawa jikin mota: 1203 fetur ne, 1223 kananzir, 1075 iskar gas, 1017 kulorin, 1402 kabaid. Littafin jagorar da 'yan kwana-kwanan Amurka da Kanada da Meziko ke riƙewa ya ce in tankar fetur ta kama wuta a janye mutane mita 800 ta kowace fuska, in ta iskar gas ce mita 1,600. Yaron da ya gama firamare zai iya haddace wannan cikin mako guda. Me ya hana a koya wa wanda muke turawa bakin wutar?

Mun ga sakamakon rashin sani da idonmu. Daren 15 ga Oktoba 2024 tanka ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, fetur ya malala cikin kwata, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka halaka. Ran 18 ga Janairu 2025 aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda rahotanni suka nuna an kawo janareta don a juye man zuwa wata tanka, fiye da mutum 80 suka tafi. Nan da nan masu manyan riguna suka fito suna cewa laifin talaka ne da ya je kwasar mai. Lalle kwasar mai ganganci ne, ba mu wanke kowa ba. Amma wanda ya kunna inji kusa da fetur mai tsiyaya, wa ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa tururi ke kamawa ba ruwan man ba? Wa ke da umurni a rubuce, da igiya, da lasifika, na ya killace wurin? Zagin mamaci ya fi sauƙi, domin ba ya tashi ya ba da amsa.

Kada wani ya ce ai bayanin ne babu. Akwai shi, yana kwance cikin fayil. Mai shigo da sinadarai sai ya nemi izinin NAFDAC. Wasu kayan ba su shigowa sai da takardar ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Gidajen mai da na gas suna da lasisin NMDPRA, hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta kafa. NESREA tana nan tun 2007 don sa ido kan muhalli. Watau gwamnati ta san mai kaya, ta san irin kayan, ta karɓi kuɗin lasisi. Amma takarda ta hau sama zuwa Abuja da Legas, ba ta sauko wa mai riƙe da mesa a Jimeta ba. Irin wannan ne ya ci Beirut ta ƙasar Labanan ran 4 ga Agusta 2020. Tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret sun yi shekara shida cikin rumbu a tashar jiragen ruwa, manya sun sani, wasiƙu sun yi ta kai da kawowa. Da wuta ta tashi aka tura ayarin 'yan kwana-kwana mutum goma ba tare da an gaya masu abin da ke ciki ba. Ko ɗaya bai dawo ba, kuma fiye da mutum 200 suka mutu a birnin.

Wasu sun koyi darasi daga gemun maƙwabci. Cikin Disamba 1984 iska mai guba ta tsere daga masana'antar Union Carbide a Bhopal ta ƙasar Indiya, dubbai suka mutu cikin barci. A 1986 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa duk mai ajiyar sinadarai masu yawa ya riƙa ba da lissafinsu kowace shekara ga hukumar jiha, da kwamitin yankinsa, da ofishin kwana-kwana na garinsa. A 1990 ta ƙara da dokar tallafin kuɗi don shiri da horo, kuma daga kuɗin rajistar da masu jigilar kayan ke biya ake ciro shi, ba daga aljihun talaka ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Duk da haka ran 17 ga Afrilu 2013 rumbun taki ya fashe a garin West na Jihar Texas, mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. Darasin a nan shi ne, lissafi cikin durowa ba ya ceton kowa sai an haɗa shi da horo. Mu kuwa namu darasin ya zo tun 1988, sa'ad da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, ma'aikatan da aka sa kwashewa suka ƙone a jiki. Muka yi doka, muka kafa hukuma, muka koma barci.

Za su ce babu kuɗi. Ashe? Asusun kula da muhalli yana nan tun 1981, jihohi na karɓar rabonsu, NEMA wadda aka kafa a 1999 tana da nata kason. Duk ran da aka yi asara, kafin a gama jana'iza an sami kuɗin shinkafa da katifa da jerin motocin masu ta'aziyya. Kuɗin ihu bayan hari ba ya yankewa, na rigakafi ne kullum babu. Za su kuma ce bayyana inda sinadarai suke zai taimaki ɓarayi da 'yan ta'adda. Ba mu ce a buga a jarida ba, mun ce a ba shugaban 'yan kwana-kwana da babban jami'in 'yan sanda da likitan yanki. In ba a amince da su a kan takarda ba, don me aka amince da su a kan rayukanmu?

Ga abin da muke nema, kuma a fili muke faɗa. Na farko, Majalisar Dokokin Jihar Adamawa ta yi dokar da za ta wajabta wa kowane mai depo, da mai rumbun taki ko maganin feshi, da mai tashar gas, ya miƙa lissafin kayansa da taswirar wurin ga ofishin kwana-kwana mafi kusa, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Na biyu, a keɓe wani ɗan kaso daga kuɗin lasisin da suke biya, a kulle shi cikin asusu na musamman da ba a taɓawa sai don wannan aiki, kuma mafi yawansa ya sauka ga ƙananan hukumomi 21 na jihar. Na uku, a fassara jagorar lambobin nan da Hausa da Fulfulde, a sa ta cikin kowace motar kwana-kwana da ta 'yan sanda da ta jami'an kiyaye haɗurra, da kowane ɗakin shan magani, a kuma karanta ta a rediyo. Na huɗu, horon a yi shi a filin makarantar Malkohi da ire-irenta, da masu unguwanni da 'yan banga da direbobin tasha, ba a ɗakin taro na otal ba inda za a cinye kuɗin a shayi da alawus. Na biyar, ADSEMA ta buga lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, kowa ya gani.

Ɗan kwana-kwana ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne. Ya yarda ya shiga inda kowa ke gudu, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Mafi ƙanƙantar haƙƙinsa a kanmu shi ne a gaya masa abin da zai tarar. Wanda ya karɓi kuɗin lasisi ya rufe fayil, sa'an nan ya zo gaban gawa yana cewa ƙaddara ce, ya sani ƙaddara ba ta sa hannu a takarda ba, shi ya sa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai kunne ya ji tun tanka tana kan tayoyinta.