SHARHI: Halin Ɗan Kasuwa Ma Jari Ne

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris 2024. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, masifar ɗaya ce ta sauka a kan kowa, amma wasu sun karye, wasu sun tsira. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Mu a ganinmu, bayan ƙaddarar Allah, hali ne ya raba su. Akwai mai zafin nama, wanda da jin raɗe-raɗin za a buɗe iyaka sai ya ci bashi ya loda mota da albasar Galmi, ta ruɓe a bakin shinge. Akwai mai tsoro, wanda ya ƙulle jarinsa duka a naira yana jiran ƙura ta lafa. Da darajar naira ta faɗi daga Yunin 2023, kuɗinsa suka narke a gaban sefa, alhali bai sayi ko allura ba. Ashe zama ma caca ne.

Na ukunsu shi ne mai lissafi. Shi ma bai san gobe ba, sai dai kafin ya saki kuɗi yakan tambayi kansa: in abin ya ɓaci, nawa zan iya ɗauka? Yakan raba jari, wani a sefa, wani a naira, wani a kayan da ke jure ajiya kamar wake da gero. Ba ya yanke shawara da labarin tasha sai ya tabbatar.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu, kowa ya san halinsa kamar yadda ya san farashin buhu. Mai gaggawa ya kwana da shawara kafin ya biya, mai ɗari-ɗari ya gwada da kaɗan. Kuɗin amana kuwa, kada a kai su inda ake shakkar dawowarsu, domin jari in ya karye ana ɗorawa, amma sunan da ya ɓaci a kasuwa da wuya ya gyaru.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.