Kujerar yara ta bosho: wa ya san haɗarin da ta sha?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, yau sharhinmu zai tsaya kan wata haja da ta fara shigowa cikin kayan bosho, tsakanin kekunan yara da tukwane da tsofaffin talabijin, wato kujerar nan da ake ɗaure jinjiri a cikinta a bayan mota. Wasu na zuwa cikin kwantena, wasu kuma a cikin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa, an bar su a kujerar baya kamar yadda mai motar ya tafi ya bar su. Da ta Kwatano suke biyowa. Daga 2023 da aka rufe iyakar Gaya, kaya da yawa suka koma hanyar Lome. Ko ta ina suka biyo, ƙarshensu dai rumfunanmu ne a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Mu faɗi gaskiya tun farko, wannan jarida ba ta adawa da kujerar. Muna so ma a ce kowane mai mota yana da ita. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a kan hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta daki bango, daidai take da faɗowa daga tsayin mita 10. Babu uwar da hannunta zai riƙe ɗa a irin wannan bugu, komai sonta gare shi, kuma yaron da aka goya a baya shi ke zama katifa tsakanin uwarsa da kujera. To abin da kujerar yara ke yi ke nan: ta riƙe shi, ta shanye bugun a madadinsa.

Matsalar ita ce sau ɗaya take yin wannan aiki. A ƙarƙashin kyallen akwai roba mai tauri da wani farin soso irin wanda ake kunshe talabijin da shi. In an yi karo, soson nan ya kan matse, robar ta tsage tsagewar da ido ba ya gani, igiyoyin su miƙe. A zare kyallen a wanke da sabulu a shanya, kujera ta koma sabuwa fil ga mai kallo, alhali ƙarfinta ya tafi. Shi ya sa a Turai masu ƙera ta suke cewa a jefar da ita bayan haɗari. Yanzu ku gaya mana: dillalin da ya fasa kwantena a nan, ya san motar da kujerar ta fito? Ya san ko an tsinto ta a wurin tara motocin da suka yi raga-raga? Bai sani ba. Wanda ya sara masa ma bai sani ba.

Ko ba ta taɓa haɗari ba, roba tana tsufa. Yawancin kamfanoni suna ba kujerar shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, kuma ranar tana rubuce a jikinta, ko a takardar da aka manna, ko a zane cikin robar ta ƙasa. Wannan lissafi bai san rumfar kwano a watan Afrilu ba, bai san motar da aka rufe ta yini a rana ba. Kowace macce ta san yadda bokitin roba ke yi in ya daɗe a tsakar gida: ranar da aka ɗauke shi da ruwa sai ya dare.

Akwai wata takarda mai ruwan lemu da ke manne a baya ko a ƙarƙashin kujerun Turai, ita ce shaidarsu. Za a ga harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi, lambar ƙasar da ta gwada ta ce: 1 Jamus, 2 Faransa, 4 Holan, 6 Beljiyam. Sai kuma lambar ƙa'ida. In an ga R44/01 ko R44/02, wannan tun 2008 aka hana sa yaro cikinta a Tarayyar Turai. R44/04 tana da dama, iyalai na iya ci gaba da aiki da ita, amma daga 1 ga Satumba 2024 shagunan can sun daina sayar da sababbinta, an koma ga R129 da ta fito a 2013. Mu da muka san sha'anin bosho mun san inda abin da Bature ya daina so yake dosa. A ganinmu tsofaffin kujerun nan za su ƙaru a kasuwanninmu, masu kyau da marasa kyau a haɗe, kuma kujerar da takardarta ta ɓace babu wanda zai iya rarrabe ta.

Takardar tana faɗin girman yaron da aka yi kujerar dominsa: ta jinjiri har kilo 13, ta gaba daga kilo 9 zuwa 18, manya kuma har kilo 36. Sababbin da tsayi suke aunawa, kuma suna son jinjiri ya fuskanci baya har aƙalla wata 15, don wuyansa bai yi ƙwari ba. Irin wannan kujera mai fuskantar baya ba a sa ta gaba in motar na da jakar iska mai aiki. Jakar in ta fashe kan yaron za ta daka. Wasu kujerun kuma da ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira ISOFIX kaɗai suke kamawa, motocinmu da yawa sun girme su. An sayi kujera, an ɗora ta hakanan a baya ba ɗauri, ita da yaron za su tashi tare.

Ga ƴan uwanmu mata masu gyara kaya kafin a baje, wata magana guda: kada a jiƙa igiyoyin cikin jabel, kada a goge su da dutsen guga, kada a kai wa tela ya ɗinke wadda ta sule ko ya sa ta jaka a madadinta. Tsumma mai laima ya isa. Tsabta tana sayar da kaya, mun sani, amma nan tana ɓoye aibi.

Aibi kuwa malamanmu sun gama magana a kansa. Mai sayarwa da ya san haja na da illa wajibi ne ya bayyana, mai saye kuma yana da ikon maidowa. Sai dai rigar bosho in ta yage ana maido ta a karɓi kuɗɗi, kujerar yara ranar da aibinta ya bayyana babu abin maidowa. Don haka muke cewa ɗan kasuwa ya faɗa wa mai saye ƙarara cewa bai san tarihinta ba, ya nuna masa ranar ƙira, ya bar shi ya ɗaga kyallen ya duba soso, ya danna makullin igiya ya ji ya kama, ya gwada ta cikin motarsa kafin ya biya. Wadda ta tsage, ko ta wuce shekarunta, ko ba takarda, a yanke igiyoyinta a kai wa masu sayen roba. Jika biyu ko uku da za a yi asara ba za su karya jari ba.

Mun san abin da wasu za su ce: sabuwa tana da tsada, kuma kujerar da ba a san tarihinta ba ta fi cinya. Akwai gaskiya a ciki, ba mu musu. Abin da muke tsoro shi ne uban da ya saki jiki ya taka mota a hanyar Konni don yana ganin ɗansa a ɗaure. Wanda ba ya da kuɗɗin sabuwa, mafi alheri ya nema wajen ɗan uwa ko maƙwabcin da shi ya saye ta, wanda zai iya rantsewa ba ta taɓa karo ba.

Saura hukuma. Duwan suna ganin kwantenonin nan kafin kowa, ANISER kuma aikinta ne kiyaye haɗarin hanya. Muna roƙon su zauna da shugabannin kasuwa, a buga hoton takardar nan mai ruwan lemu a manna a layin masu bosho, a yi bayaninta a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci, tun da masu saye da yawa ba su karanta Faransanci, balle Jamusancin da ke jikin wasu kujerun.