Kowace Kafar Waya Ƙofa Ce, A Sa Mata Maigadi

Jama'a 'yan kasuwa, a Nima da Maamobi maƙwabtan shaguna kan haɗa kuɗi su ja intanet ɗaya, su raba ta da akwati mai kafofin waya da ake kira suwic. Zumunci ne mai kyau, amma da haɗari. Duk wanda ya soka wayarsa a kafar da ba kowa, ya hau layi ɗaya da kwamfutar da kake ajiye lissafin bashi da bayanan kuɗin da ka tura Aflao ko Paga.

Tun 2001 aka fito da maganin wannan, wato ƙa'idar 802.1X. Kafa tana nan a rufe har sai na'ura ta gabatar da shaidarta, kwamfuta mai riƙe da rajista, wato RADIUS, ta amince. Suwic na gama-gari ba ya yin haka, sai wanda ake iya saitawa.

Wasu za su ce da tsada. Shin kwaɗo ya fi kayan shago tsada? Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Ka sa mai gyara ya saita, ya kashe kafofin da ba a amfani da su. Rigakafi ya fi magani.