Awa Shida a Faifai Ɗaya: Arhar da Ta Ci Mana Fuskoki



Ranar Asabar da ta wuce mun ari faifan DVD na bikin yaye ɗalibai na bara, don mu ciro hotunan da za mu liƙa a wannan allo. Muka kunna shi a laburare. Jawabin shugaban makaranta ya fito ba laifi. Amma da aka zo wasan kwaikwayo da raba kyaututtuka, sai fuskoki suka wargaje suka koma ƙananan murabba'ai, kamar an shimfiɗa tabarma a kan talabijin. Wata 'yar ƙungiyarmu ta zo ne musamman don ta ga lokacin da yayanta ya karɓi kyautar lissafi, mahaifinsu yana gefensa. Mahaifin nan Allah ya yi masa rasuwa da damina. Sau uku muna mayar mata da wurin baya. A ƙarshe da hularsa ta gane shi.

Da farko mun ɗora wa kyamara laifi. Da muka duba sai muka ga faifai ɗaya ne tal aka cusa wa bikin gaba ɗaya, kusan awa 6.

Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, ba ya ƙaruwa don an roƙe shi. Na'urar da ke naɗa a kansa kuwa tana ba mutum zaɓi kafin ya fara: XP awa 1, SP awa 2, LP awa 4, EP awa 6, wasu na'urorin har 8. Wanda bai sani ba zai ɗauka EP garaɓasa ce. Ku tuna mai koko da aka ce ta shayar da mutum talatin da gasarar mutum goma. Me za ta yi in ba ƙara ruwa ba? Haka na'urar take yi. A SP kowace daƙiƙa tana samun wajen megabit 5, a EP ko 2 ba ta samu. Cikakken hoton DVD a tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. A dogon zango na'urori da yawa suna rage shi zuwa 352 da 288, wato ma'aunin tsofaffin faifan VCD da iyayenmu suka kalli finafinan Hausa a kansu.

To me ya sa jawabi ya fito, rawa ta lalace? Tsarin matse hoto na DVD, wanda ake kira MPEG-2, ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya, sannan ya riƙa rubuta abin da ya canza kawai. Mai jawabi yana tsaye wuri ɗaya, bakinsa ne kaɗai ke motsi, don haka ɗan wurin da aka bari ya wadatar. Amma idan ɗalibai ashirin suka miƙe lokaci guda, ko mai kyamara ya juya da sauri yana bin wanda aka kira sunansa, canjin ya fi ƙarfin wurin. Ke nan ainihin lokutan da muka fi so mu sake gani su ne suka fi lalacewa.

Mun ji hujjar masu cewa faifai ɗaya ya fi sauƙin rabawa iyaye, kuma canza faifai a tsakiyar biki zai sa a rasa wani abu. Gaskiya ne sauyin yana cin 'yan mintoci. Sai dai bikinmu yana da hutun sallar azahar, yana da tazara tsakanin jawabai da wasanni. Kuma a faɗi gaskiya, wa ke bukatar awa guda ta kujeru babu kowa, ana gwajin lasifika ana jiran manyan baƙi? Mun ƙirga, a faifan bara akwai ta. Kuɗin ƙarin faifai biyu kuwa ba mu jin ya kai na lemon da aka jera a babban tebur.

Wasu abokanmu sun ce mu daina wahala, DVD ya tsufa, kowa yana da waya. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, kuma bidiyon da aka tura ta WhatsApp shi ma matse shi ake yi. Mu dai ba mu ƙi a ajiye asalin abin da kyamara ta ɗauka a kwamfutar makaranta ba, hasali ma muna roƙon a yi hakan. Amma muddin faifai za a miƙa wa iyaye, to a ba su wanda za su ga 'ya'yansu garau.

Bikin bana saura makonni kaɗan. Roƙonmu ga kwamitin shirye-shirye shi ne a naɗa a SP, ko da zai ci faifai uku. Idan an gama a rufe kowane faifai ta wurin da na'urar ta rubuta Finalize, domin wanda ba a rufe ba yakan ƙi tashi a wata na'urar. A gwada shi a DVD na wani gida kafin a sallami mai aiki. Sannan a daina ajiye faifai a bakin taga. Irin wanda ake naɗawa a gida yana da wani siririn rini a ciki, a nan hoton yake, kuma rana da zafi suna cin sa.

Mun ware mutum biyu daga ƙungiyarmu da za su zauna kusa da na'urar ranar biki, idan an ba mu izini. Wanda yake ganin mun yi zuzutawa, faifan bara yana laburare. Ya nemi a kunna masa daga inda aka fara kiran sunayen masu kyauta.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta