A koma wa kwano da kwando, leda ta ishe mu

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan leda, wadda muka sakar wa ragama a abincinmu da unguwanninmu.

A da, idan za a aiki yaro sayen koko, kwano ake miƙa masa, uwar gida kuma da kwandonta ake yi mata cefane. Yanzu koko yana tururi za a ɗura shi a farar leda, a jefa ta cikin baƙa. Alale da aka sani da gwangwani ko ganye a leda ake ƙulla shi a dafa, tuwo ma a leda ake malmala shi. Alhali zafi da maiƙo su ne ke sa sinadaran roba su shiga abinci, mu kuma mu haɗiye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kunna gawayi da leda. Za ka ga mace ta sunkuya a kan kurfoti, ga goyo a baya, tana fifita wuta, baƙin hayaƙi mai guba yana shiga hancinta da na jaririn. Idan akwai mai asma a gidan, ranar sai tari. Ƙirare ko busasshen kara za su yi wannan aiki, kuma da su iyayenmu suka hura wuta.

Ledar da ba a ƙona ba, magudanar ruwa take nufa. Duk wanda ya leƙa Jakara a nan Kano ya san abin da nake nufi. Da damina ruwa ya rasa hanya, ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa, sai layin masu zazzaɓi ya cika asibiti. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata a fito tsaftar muhalli, a kwaso ledar a jibge a bakin hanya, sannan ko a cinna mata wuta ko ruwan sama ya mayar da ita inda ta fito. Mahauta suna ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da awaki. Manoman bayan gari da ke sayen shara don taki, yanzu sai sun bi gona suna tsince ta.

Wasu za su ce ya kamata gwamnati ta hana leda. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, sun kuma tsaya a kan dokarsu. Amma Nijar ma ta yi doka a 2014, ga leda nan birjik a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Doka ba za ta bi kowa wurin mai ƙosai ba.

Ban ga laifin mai shan fiya wata ba, tunda famfo ya daɗe da ƙafewa a unguwanni da yawa. A dai tara ledojin a buhu, kada a watsar a titi.

Roƙona ga masu koko, masu wake da shinkafa da masu shago shi ne: tunda da kuɗinku kuke sayen ledar nan, duk wanda ya zo da kwanonsa ko jakarsa ku ƙara masa gyara.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano