An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Rikicin Kano Pillars Da Darasinsa Ga Jihar Kebbi

A cikin watan Oktoba na 2025, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a birnin Kano, ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan ta rama ƙwallon da Kano Pillars ta ci ta ana dab da tashi, aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Nan take waɗansu 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar da ke shirya Gasar Firimiya ta Nijeriya ba ta yi wata-wata ba, ta ci Pillars tarar Naira miliyan 9.5, ta zaftare mata maki uku da ƙwallaye uku, sa'an nan ta umurce ta da ta koma Katsina da yin wasanninta na gida.

Wannan labari bai tsaya a Kano kaɗai ba. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a Gwandu da Kalgo da sauran garuruwan Jihar Kebbi, waɗanda akasarinsu wasannin Turai suke bi a gidajen kallo, sun san Pillars a matsayin ƙungiyar Arewa da ta fi kowace suna. Bugu da ƙari, su ma suna da tasu ƙungiyar, watau Kebbi United, wadda aka ɗora bisa irin tubalin da aka ɗora Pillars, domin dukansu biyu mallakar gwamnatin jiha ne. Saboda haka ya kamata a duba abin da ke sa magoya bayan babbar ƙungiya irin wannan su yi ta harzuƙa, da kuma dalilin da ya sa fushin nasu kullum yake sauka a inda bai kamata ba.

DAGA ƊAUKAKA ZUWA RUKUNI NA BIYU

An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci kofin gasar ƙasa sau huɗu: a 2008, sa'an nan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fid da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Ta yi shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. A 2019 kuma ta ɗauki Kofin Ƙalubale a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da irin wannan tarihi ne kirarin "Sai Masu Gida" ya zauna daram a bakin jama'a.

To, amma a 2022 wannan ƙungiya ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Ikko. Hanyar da aka bi aka kai ga faɗuwar ita ce abin lura. A watan Afrilu na shekarar, 'yan kallo suka ta da yamutsi a wasan Pillars da Katsina United a Kano, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta cire wa Pillars maki uku ta kuma ci ta tarar Naira miliyan 9. Bayan wata biyu, hukumar ta kori shugaban ƙungiyar na lokacin daga harkokin gasar bisa laifin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarsu da Dakkada ta Uyo. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ɗauko tsohon shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, Alhaji Ibrahim Galadima, domin ya ceto ƙungiyar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Pillars ta komo rukuni na ɗaya a 2023.

Idan aka haɗa da tarzomar da aka yi a filin wasa na Agege a Ikko a 2019, bayan wasan Pillars da Rangers ta Enugu, za a ga sau uku ke nan cikin shekara shida ana hukunta ƙungiyar saboda abin da magoya bayanta suka aikata. Kowane karo kuwa ƙungiyar da suke ƙauna ce take kwana a ciki, tarar kuma daga baitulmalin jiha take fitowa, watau daga aljihun talakawan da suka yi fushin da ma waɗanda ba su taɓa leƙa filin wasa ba.

INA TUSHEN FUSHIN YAKE?

Babu mai hankalin da zai goyi bayan dukan alƙalin wasa ko jifan baƙo. Laifi ne da ya cancanci hukunci a gaban kotu. Amma hukunci kaɗai bai warkar da cutar ba, in da ya warkar da ba a sake gani ba a 2025. Koke-koken magoya baya sanannu ne: yawan sauya shugabanni da masu koyar da wasa, sayen 'yan wasa ba bisa cancanta ba, barin ƙwararru su tafi, da rashin sanin yadda ake kashe kuɗi. Tsakanin 2021 da 2025 kaɗai, Salisu Yusuf da Evans Ogenyi da Abdu Maikaba da Usman Abdallah duk sun riƙe aikin koyar da 'yan wasan Pillars. An kuma sake naɗa shugabannin ƙungiyar bayan sauyin gwamnati a 2023, har a 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa, tsohon kyaftin ɗin Super Eagles, babban manaja alhali yana cikin 'yan wasan ƙungiyar.

Abin tambaya shi ne, wa magoyin baya zai kai wa kuka? A tsarin da akasarin ƙungiyoyin Nijeriya suke bi, gwamna ne ke naɗa shugabanni, shi ne kuma ke sauke su. Kuɗin ƙungiya yana bi ta Ma'aikatar Wasanni, kuma ba kasafai ake buga lissafin shekara jama'a su gani ba. Shugaban ƙungiya ya san wanda ya ba shi kujera, saboda haka Gidan Gwamnati yake fuskanta, ya ba 'yan kallo baya. Mutumin da ya bar kasuwarsa ya biya kuɗin shiga fili shekara da shekaru ba shi da katin zama ɗan ƙungiya, ba a kiransa taron shekara, ba shi da ƙuri'a. Wanda hannunsa zai iya kai wa kawai shi ne alƙalin wasa da direban motar baƙi. Nan ne ake barin jaki ana dukan taiki.

KO SAYAR DA ƘUNGIYOYI NE MAGANI?

Waɗansu masu sharhi suna ganin gwamnati ta tsame hannunta ta bar wa 'yan kasuwa. Suna kafa hujja da Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, mallakar Kunle Soname, wadda ta gina filin wasanta da makarantar renon 'yan wasa, ta kuma ci kofin gasar ƙasa a 2025. A Kano ma, ƙungiyar Barau ta Sanata Barau Jibrin ta hau rukuni na ɗaya a wannan shekarar.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma tarihi ya nuna tana da rauninta. Leventis United da Abiola Babes sun gagari kowa a shekarun 1980, amma da masu su suka janye hannu kafin ƙarshen waɗannan shekaru, sai suka ɓace kamar ba a yi su ba. Raccah Rovers ta Kano, zakarar gasar ƙasa ta 1978, ita ma sai a littafin tarihi. A Ingila kuwa, tun da iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United a 2005 magoya baya suke kuka da bashin da aka ɗora wa ƙungiyar, har a watan Mayu na 2021 suka mamaye filin Old Trafford, aka ɗage wasa da Liverpool. Attajiri ma yana iya toshe kunnensa kamar yadda gwamnati take yi.

A ɗaya ɓangaren kuma, Enyimba ta Aba mallakar Gwamnatin Jihar Abia ce, amma ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Shugabanta, Felix Anyansi-Agwu, ya yi fiye da shekara ashirin a kan kujera, gwamnoni suna zuwa suna wucewa, sai a 2023 aka maye gurbinsa da Nwankwo Kanu. Wannan ya nuna mallakar gwamnati ba lalle ne ta kashe ƙungiya ba, muddin an bar masu aiki su yi aikinsu.

Akwai kuma hanya ta uku. A Jamus, tun 1998 ƙa'ida ta tanadi cewa, in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan da aka keɓe, rinjayen ƙuri'a yana hannun 'yan ƙungiya masu biyan kuɗin shekara, kome yawan jarin da attajiri ya zuba. A Real Madrid da Barcelona ta Sifen, 'yan ƙungiya ne ke zaɓen shugaba. Magoya baya a can ma suna fushi, sai dai suna da ƙofar da fushin zai bi ya fita: ranar zaɓe.

ABIN DA YA KAMATA KEBBI TA YI

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, shekara guda bayan kafa Pillars. A 2024 Kebbi United, tana wasa a rukuni na biyu, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta fid da ita, kafin ta je ta ɗauki kofin. Wannan ya isa shaida cewa ƙungiyar tana iya tashi. Gyara kuwa ya fi sauƙi tun ƙungiya tana ƙarama, kafin kuɗi su yi yawa, masu neman kujera su yi cincirindo. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da fari, ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta yi wa ƙungiyar doka ta kanta, wadda za ta ƙayyade wa shugabanni wa'adi, a kuma tsara shi yadda ba zai ƙare tare da wa'adin gwamna ba. Na biyu, Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha ya riƙa duba littattafan ƙungiyar kowace shekara, a buga sakamako: nawa gwamnati ta bayar, nawa aka samu a ƙofa, nawa aka sayar da ɗan wasa, kuma wane asusu kuɗin suka shiga. Ma'aikatan gwamnati sun san duk sulen da aka kashe a nan an rage shi ne daga kason makaranta ko na asibiti.

Na uku, a buɗe rajistar 'yan ƙungiya da kuɗi kaɗan wanda ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci za su iya biya, a kafa rassa a ƙananan hukumomi 21 na jihar, a ware wa masu kati kujeru biyu ko uku a hukumar gudanarwa, su zaɓa da kansu. Za a ce wannan kuɗi ba zai riƙe ƙungiya ba, kuma gaskiya ne, gwamnati za ta ci gaba da ɗaukar mafi yawan nauyi. Amfanin katin shi ne ya ba mai shi haƙƙin yin tambaya a amsa masa, ya kuma sa a san sunan kowa, ta yadda wanda ya yi jifa za a karɓe katinsa a hana shi shiga fili, maimakon a hukunta gari duka.

Kalgo tana bakin ƙofar Birnin Kebbi, ga kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya a yankinta. Gwandu ma tafiyar safiya ce zuwa filin wasa na Haliru Abdu. Samarin waɗannan garuruwa suna biyan kuɗi kowane mako domin kallon ƙungiyoyin Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zamansu ba. Ranar da aka ba su kati da ƙuri'a a ƙungiyar jiharsu, wani kaso na wannan kuɗi da wannan ƙauna zai komo gida, shugaban da ya gaza kuma zai gamu da su a zauren taro, alƙalin wasa ya koma gidansa lafiya.